Shekarar da Na Kusa Tafiya Gidan Tsofaffi

Maganar da ake yawo da ita a dangi ta zagayo ta iso kunnena, wai akwai shekarar da babanku ya so ya kai ni gidan tsofaffi ya ajiye ya huta. Wasu kuma cewa suke ni ce na yi fushi na nemi tafiya. Duka biyun ba haka ba ne. Tunda Allah ya sa na iya riƙe biro, ko da yake sai da na gama haihuwa kaf sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba zan bari wani ya ba ku labarina a karkace ba. Ku karanta da kyau, musamman ke Hanifa da kika ɗauko bakina.

Kun san dai aikin ungozoma na yi a asibitin ƙaramar hukumarmu har na yi ritaya. Ban daɗe da ajiye aiki ba kakanku Malam ya rasu, aka raba gidanmu na Funtuwa, 'yan'uwansa suka mayar da rabonsu shaguna, ɗakina ya koma yana kallon masu faci. Shi ne babanku ya yi mini takardun zama ya kawo ni Doha, nan Al-Sadd, wannan gidan da yake rataye a sama kamar kejin tantabaru. Taga ba ta buɗuwa, na'urar sanyi ba ta hutawa, ƙasa kuwa sai in yi sati ban taka ta da ƙafata ba. Maƙwabciyarmu ta dama 'yar Indiya ce, ta hagu 'yar Sudan, mutanen kirki, amma daga sallama sai murmushi, hira ta ƙare. Ni da na saba kafin hantsi mata goma sun shigo mini, wannan da goyo, wannan da gulma, sai ga ni ina gaisawa da ƙofar lif.

Sai dai ba wannan ne ya kusa raba mu ba. Abin da ya kusa raba mu, ku 'ya'yan yanzu sai an yi muku bayaninsa. Babanku ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini, ba Mama ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, kun ga ko a takardar nan ban rubuta ba. Ba a zama da ɗan fari a yi hira, ba a cin abinci a gabansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Haka uwata ta yi da yayanmu, haka tata uwar ta yi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba sa son 'ya'yansu. Kowa ya san wanda aka fi kawar wa kai shi ne ya fi zama a rai. To da wannan na zo Doha. In ya shigo falo sai in tashi in shige ɗaki. In ya gaishe ni in amsa ina kallon bango. In ina da saƙo in ba mamanku Safiya ta kai masa, shi ma nasa ta hannunta yake zuwa. Ni da duk Funtuwa aka san bakina, wadda ba namijin da ban iya tsarewa da ido, a gaban yaron nan kaɗai nake zama kurma. Kuma wallahi a zatona lafiya lau muke zaune.

Wata rana da la'asar Safiya ta shigo ɗakina da waya a hannu, ta durƙusa tana ta kame-kame.

"Hajiya, dama Baban Hanifa ne ya ce in nuna miki wani wuri."

Na karɓa na duba. Wasu ƙananan gidaje ne a jere, farare, da bishiyoyi, da masallaci a tsakiya. Na ce mata wane ne ya yi gini haka, Allah ya sa alheri.

"A bayan garin Kaduna ne. Wasu ne suka gina don manya waɗanda suka yi ritaya. Kowa da ɗakinsa da kicin ɗinsa, akwai nas dare da rana. Ya ce in kina so akwai ɗaki guda da ya rage, sai ya kama miki. In kina so ne fa, Hajiya."

"Gidan tsofaffi ke nan."

"Ba haka suke kiransa ba."

"Ni haka nake kiransa."

Kun taɓa taka matakala kuna zaton akwai sauran ɗaya, ashe babu? Haka na ji. A inda na fito, ko tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba akwai ɗan ɗan'uwa da zai ba ta ɗaki, don kar a zagi gidansu. Ni kuwa ga ɗana da rai da lafiya, likita guda, ga jikoki suna hawa mini baya, a ce ana nema mini ɗaki cikin baƙi? Na duba hannuwana, na duba ɗakin, ina neman abin da na yi. Ko cina ya yi yawa? Ko tarin da nake yi da asuba ne yake damun mutane? Da wani ne ya aiko mini da wannan saƙon, da sai maƙwabta sun fito kallo. Amma ɗan fari ne. Ba na tambayarsa dalili, balle in roƙe shi. Na miƙa wa Safiya wayarta, na ce:

"To."

"To me, Hajiya?"

"Ki ce masa na ce to."

Ta fita, ni kuma na zauna a bakin gado har aka kira magariba ban motsa ba. Ban yi kuka ba, kada wani ya ƙara muku da wannan. Mamaki ne ya cika ni har ba wurin hawaye.

Abu ya fara tafiya. Don in saba da wurin, sai Safiya ta haɗa ni a waya da wata da ke zaune a can, Hajiya Lami, tsohuwar malamar makaranta. Na yi niyyar in gaishe ta a daƙile in kashe, sai ga fuska ta cika wayar, baki duk goro.

"Ke ce 'yar Larabawan? To cire niƙabin ɓacin ran nan in gan ki. Kin zata mu nan 'yan bola ne ko?"

"Ban ce ba."

"Fuskarki ta ce. Ni 'ya'yana uku duk suna ƙasar sanyi, sun yi sun yi in je, na ce ban ga abin da zai kai ni in mutu a cikin firij ba. Da ƙafata na zo nan. Tsaya ki ga zogalena."

Ta juya wayar. Zogale, yakuwa, 'yar rumfa, wasu mata biyu a kan tabarma suna tsinke alayyafo, ɗaya tana zagin ɗaya a kan wuƙa. Hausa ta ko'ina, har da carar zakara daga nesa. Abin da zan faɗa yanzu shi ne wanda masu ba da labarina ba su sani ba: raina ya biya. Kullum bayan azahar sai mun yi waya da Lami, mu yi ta musu a kan ko da kanwa ake dafa zogale, ta ba ni labarin wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da yake yi wa duk zawarawan wurin lissafin aure. Na yi dariyar da rabona da irinta tun Malam yana da rai. Sai na zama mutum biyu. Ɗaya tana jin an tsine mata a gaban duniya, ɗaya kuma tana tunanin inda za ta dasa barkono. Na fara ninke zannuwana ina jerawa a akwati. Babanku kuwa sai ya ƙara yin shiru, ya shigo ya gaishe ni da ƙyar ya wuce. Na ce a raina, ashe har ya ƙosa.

Ranar wata Juma'a da safe muna kicin da Safiya. Tun zuwana garin nan ni nake yin dambun da ake ci bayan masallaci, da tsakin masara da busasshen zogalen da ake aiko mana daga gida, amma na hana ta faɗa, don ba a yi wa ɗan fari girki da suna. Shi duk a zatonsa hannun matarsa ne. Ranar na ce ta tsaya ta kalli yadda nake yayyafa ruwa kafin in mayar madambaci, tunda na kusa tafiya, kar ɗanɗano ya canza mutumin ya gane. Sai kawai yarinyar nan ta ajiye ludayi ta fashe da kuka.

"Ke lafiya? Albasa ce?"

"Hajiya, don Allah me ya yi miki?"

"Wa?"

"Baban Hanifa. Cewa ya yi tunda kika zo gidan nan ba ki taɓa zama inda yake zaune ba. Yana jin dariyarki ke da Anti Jummai a waya tun daga bakin ƙofa, da ya sa mukulli sai ki yi tsit. Ya ce kin rame, kina wuni a jikin taga. Ya ce shi ya san ganinsa ne ba kya so, kuma ba zai tsare ki a gidan wanda ba kya so ba har ki mutu da baƙin ciki. Ranar da na ce masa kin ce to, ko abinci bai ci ba."

Jummai ita ce autata, kun santa, wadda nake zagi in rungume a lokaci guda. Na tsaya da tsaki a hannu ina kallon Safiya kamar ta yi mini Larabci. Wannan mamakin ya fi na farko nesa ba kusa ba. Na farko cewa na yi ɗana ya gaji da ni, kuma ana gajiya da mutum, duniya ce. Amma a ce mutum ya yi furfura, ya yi karatun da ya yi, yana buɗe cikin mutane yana gyarawa, kuma duk tsawon rayuwarsa yana yawo da tunanin uwarsa ba ta son ganinsa? Ni da nake gane tafiyarsa a cikin tafiyar mutum ɗari? Na wanke hannuna. Na ce wa Safiya ta kwashe ku ku tafi gidan ƙawarta a Madinat Khalifa, kada ku dawo sai na kira.

Da ya dawo masallaci ya tarar da gidan shiru, ya zauna a falo yana cire hula. Na fito na zauna a kujerar da ke kallonsa. Ban ɓoye muku ba, na shiga ɗakin haihuwa da jini har gwiwar hannu ban ji abin da na ji ranar ba. Shi kuwa zumbur ya miƙe.

"Yaya, lafiya? Jikin ne?"

"Zauna."

Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci.

"An ce ka ce ba na son ganinka."

Ya sunkuyar da kai yana juya hula. Can ya ce:

"Safiya ba ta da sirri."

"Bar Safiya. Kai ba a Funtuwa ka tashi ba? Ba ka san kunyar ɗan fari ba?"

"Na sani, Yaya. Amma can gida ne, tsakar gida cike da mutane, in ke ba ki kula ni ba akwai Inna da ta raine ni, akwai gwaggonni. Yanzu Inna ta rasu, Baba ya rasu. A nan daga ke sai ni. Na ɗauka in na girma abin zai wuce. Abokaina iyayensu suna zama da su, har su ja musu kunne. Na kawo ki gidana na ce ko a nan, sai ma abin ya ƙaru. In na shigo ki tashi kamar an shigo da wari."

"Shi ne ka nema mini gidan tsofaffi."

"Na ga kina shan wahalar zaman nan, wannan gaskiya ne, kuma wurin yana da kyau. Amma wallahi da na aiko Safiya, addu'a nake ki taso ki zage ni. Kowa a duniyar nan kin taɓa yi masa faɗa. Mai gadin ƙasan benen nan ma da ba ya jin Hausa kin yi masa. Ni kaɗai ne ba ki taɓa yi wa ba. Sai kika ce to."

Na dube shi, karo na farko da na dube shi sosai tun yana cikin zanin goyo. Ashe gefen kansa duk ya yi fari. Ashe hancin ubana ne da shi. Wani abu ya taso mini, na rasa ko kuka ne ko me, sai ya fito a faɗa.

"Faɗa kake so? To buɗe kunnenka. Kai wane irin sakarai ne? Ka je ka karance littattafan duniya ba ka iya karanta tsohuwa ɗaya da ke cikin gidanka ba? Dambun da kake ci duk Juma'a har kana sa wa matarka albarka, Safiya 'yar birni ce, ina ta ga madambaci kafin in zo? Tagar da kake cewa ina wuni a jikinta, me ake gani ta nan in ba inda kake ajiye mota ba? Teku ka ga ina kallo? Kuma da ka ga na rame, kai ba likita ba ne, ba ka da bakin tambaya sai ka aiko mini da hoton gidaje? Uwarka za ka kai Kaduna ka jingine kamar tsohon keke?"

Ina faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Babban mutum, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ƙara, Yaya."

"Ƙaniyarka. Tashi ka ɗauko dambun, ya huce."

Ranar na ci abinci a gaban ɗan farina. 

Kada ku zata shi ke nan magana ta mutu. Da muka gama ya ce ɗakin yana nan, in yi tunani da kaina, ba don shi ba, don shi ma ya ga yadda nake sakewa in ina waya da Hajiya Lami. Kuma gaskiyarsa. Na yi kwanaki akwatina a buɗe, ban ƙara kaya ba, ban cire ba. A can akwai ƙasa, akwai sa'o'ina, akwai wanda zan yi wa magana ya mayar mini ba sai an fassara ba. A nan akwai zafin da ke hana fita rabin shekara, da dogon wuni bayan kun tafi makaranta. Amma na auna na ga in na tafi yanzu, duk abin da na faɗa a falon nan ya zama iska, zai ce dai ashe da gaske ne. Yaron da ya yi shekara hamsin yana jiran uwarsa ta zauna kusa da shi, ba a zama ɗaya ake biyansa ba. Na kira Lami na faɗa mata.

"Amma ke an yi 'yar banza," in ji ta. "Na riga na share miki wurin barkono. To zauna can ki bushe a cikin sanyin inji."

Ta yi fushi da gaske, sai da aka daɗe kafin ta sake ɗaukar wayata, ɗakin kuma aka ba wata. 'Yan'uwana na gida da suka ji wai ina cin abinci da ɗan fari har ina yi masa tsawa, cewa suka yi zaman Larabawa ya cire mini kunya. Su faɗa. Ban ce al'adar uwata ba ta da kyau ba, kuma ban yi nadamar riƙe ta ba. A tsakar gidan da aka yi ta dominsa daidai take. A wannan kejin ne ba ta da wurin tsayawa. Kuma kar wani ya ce muku na so garin nan daga baya. Har yau ban so shi ba, har yau in na ji Lami tana faɗa da maƙwabtanta ta waya sai raina ya sosu.

Babanku kuwa na faɗa masa ne a mota, wata Asabar da ya kai ni kasuwa a Al Rayyan in zaɓi tsaki da kaina. Na zauna a gaba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa na fasa, ya sallami mutanen Kaduna. Muka tsaya a danja. Sannan ya ce, yana kallon titi:

"Yaya, akwai abu ɗaya da nake so ki sani kafin ki yanke. In Allah ya yi ikonsa a nan, mayar da mutum gida ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba a son a jinkirta. Mai yiwuwa a nan za a yi. Ba kusa da Baba ba, ba kusa da Inna ba."

Wannan ban yi tunaninsa ba sam. Na dubi waje, rairayi fari fat har iyakar gani, ba ko bishiyar da za ta yi wa kabari inuwa. Na tuna maƙabartarmu ta bayan gari, da jar ƙasarta, da duk mutanena da ke kwance a can. Na juyo na dube shi.

"Wa zai shiga ramin ya karɓe ni?"

"Ni, in ina da rai."

"To a nan ɗin. Ja motar, ba ka ji ana yi maka oda ba?"